Sunan da Baba Ya Kawo daga Saliyo

Tun daga bakin titi na hango mashin ɗin Chibuike a gindin mangwaron ƙofar gidanmu, shi kuma yana zaune a kai ya harɗe hannuwa, fuskar nan babu annuri ko kaɗan. Na san kwanan zancen tun kafin in ƙarasa. Lahadi ce, an tashi daga sujada a coci, kuma duk Lahadin duniya Azariya a gidanmu yake cin abincin rana.

"Yana ciki ko?" ya ce, ko gaisuwa babu.

"Sannu da zuwa dai tukuna."

"Ga takalminsa can ina gani. Shekara biyu ina zuwa gidan nan, Zarmina, ban taɓa wuce gindin bishiyar nan ba. Shi kuwa har kujerar Babanki yake hawa yana shan gwaten acca."

Gaskiya ya faɗa.

Azariya ɗan ƙawar Mama ne, tare suke da uwarsa a zumuntar mata, katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu a unguwar Takau ta Kafanchan. Malamin firamare ne, yana cikin mawaƙan coci, ba ya shan komai, ba ya ɗaga murya. Mama ta daɗe da yanke hukuncin cewa shi ne mijina. Ni kuwa in na dube shi, wallahi ɗan'uwa kawai nake gani.

Chibuike kuma dillalin citta ne. Kakansa aikin reluwe ya kawo shi Kafanchan, a nan aka haifi babansa, a nan aka haife shi, Hausarsa ma ta fi tawa fita. Laifinsa biyu ne a wurin Mama. Na farko, ba ɗan ƙasarmu ba ne. Na biyu, wanda ya fi na farkon girma, yana kirana Zarmina.

Sunaye biyu gare ni. Babana, marigayi Saje Kambai, soja ne. Ya tafi aikin kiyaye zaman lafiya a Saliyo Mama na da cikina wata biyu, ya dawo da tabon harsashi a kafaɗa ana saura sati uku a haife ni. Ranar da aka kai ni gaban fasto, shi ya buɗe baki ya ce Zarmina. Ba wanda ya taɓa jin sunan, daga Kagoro har Kwoi. In an tambaye shi sai ya ce sunan wata mai mutunci ne, ya ja bakinsa. Mama ta sa mini Miriyam, kuma shekarata ashirin da uku ban taɓa jin Zarmina a bakinta ba, ko da kuskure. Tun da Baba ya rasu shekara shida da suka wuce, sunan ya mutu a gidanmu, sai a takardun makaranta da kuma bakin Chibuike.

Na dafa kan mashin ɗin na kwantar da murya.

"Ka bar zancen Azariya. Ka san wahalar da Baba Kumai, ƙanen Babana, ya sha kafin Mama ta yarda mutanenku su zo gaisuwa ran Asabar? Ya fi sau goma yana zuwa daga Kagoro. Kuma ba cewa ta yi ta amince ba, cewa ta yi za ta saurara."

"Na sani."

"To in an tambaye ka sunan yarinyar da kuka zo nema, me za ka ce?"

Ya kau da kai. "Sunan da wancan ke kiranki da shi."

"Chibuike."

"Na ji. Miriyam zan ce." Sai kuma ya yi wani murmushi. "Amma ke kin ma san ma'anar sunanki kuwa? Ni na sani. Akwai wani tsoho mutumin Pakistan da nake haɗa wa citta, ranar nan kin kira ni wayata na kan buhu, ya ga sunan, ya yi ta dariya. Ya ce sunan yayarsa ke nan."

Na matso kusa da shi. "Me ya ce yana nufi?"

"Sai ranar aurenmu. In kina sauri, je ki tambayi malamin makaranta, ai shi ne mai ilimi."

Ya tayar da mashin ya bar ni tsaye. Kishin namiji ba kyau, amma ban ɓoye muku ba, ranar har da ɗan jin daɗi na shiga gida.

*

Ran Asabar tun da safe na ga alamar ba lafiya. Mama ta aika a aro kujerun roba, wa zai kawo su in ba Azariya ba? Ya jera su a falo, ya goge, sannan maimakon ya tafi sai ya samu wuri a bakin ƙofa ya tsaya kamar ɗan gida.

Na ja Mama gefe. "Mama, don Allah ki ce ya tafi."

"In kore shi? Yaron da na goya? Ba ruwana."

Ƙarfe sha ɗaya baƙi suka iso. Chibuike da wan babansa, Dede Nwachukwu, da wasu dattawa biyu, ɗauke da goro da katan ɗin lemo. Chibuike ya sha farar shadda, ya yi kyau, ina ta leƙensa ta bayan labule. Yana ɗaga ido ya ga Azariya a bakin ƙofa, na ga jijiyar wuyansa ta tashi.

Aka yi addu'a, aka gaisa. Dede Nwachukwu ya yi bayani mai daɗi, ya ce shekara sittin suna shan ruwan garin nan, yanzu sun zo neman iri. Baba Kumai, ƙanen Babana, ya gyaɗa kai. Mama na zaune a gefe da ɗankwalin zumunta.

A gidanmu akwai al'ada. Ko da iyaye sun gama magana, sai saurayi ya tashi tsaye ya faɗi sunan yarinya da bakinsa, don kada gobe a ce an yi musanya. Mu uku ne mata, ni da ƙannena biyu, Joanna da Milka.

Baba Kumai ya ce, "To, ɗana, wacce kuka zo nema?"

Chibuike ya miƙe. Na ga leɓensa ya haɗu zai ce Miriyam, na rantse na gani. Daidai lokacin Azariya ya leƙo ta gefen labule ya ce da muryar nan tasa mai sanyi, "Miriyam, kawo wa baƙinmu ruwa mana."

Baƙinmu. Kalmar da ta rusa komai ke nan.

Chibuike ya dube shi daga sama har ƙasa, ya juya ga Baba Kumai.

"Zarmina nake nema, Baba. Zarmina Kambai, sunan da mahaifinta ya sa mata."

Dede Nwachukwu ya ja masa gefen riga, amma ina, ya riga ya hau.

"Mama, ki yi haƙuri, suna ne mai kyau, na bincika. Daga can ƙasashen Pakistan da Afghanistan ya fito. Zar kalmar Farisanci ce, su ma masu yaren Pashto suna amfani da ita, zinariya ke nan. Mina kuma a Pashto soyayya ce. In an haɗa, soyayya ta zinariya, ƙauna mai tsada. Wanda ke cin abinci a gidan nan kullum bai taɓa damuwa ya sani ba, ni na damu. Baba ya san abin da ya zaɓa wa 'yarsa."

Shi a tunaninsa ya burge. Har yana kallon Azariya ta gefen ido.

Mama ta miƙe a hankali. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba, ko ranar da aka kawo gawar Baba.

"Sake faɗa," ta ce. "Mina me?"

Sai a lokacin muryarsa ta yi ƙasa. "Soyayya, Mama."

"Na gode. Ka biya ni."

Ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

*

Na same ta durƙushe a gaban tsohon akwatin ƙarfen Baba, tana fitar da kakinsa tana zubarwa a ƙasa. Daga can ƙarƙashi ta zaro wani Littafi Mai Tsarki da bangonsa ya cinye, daga cikinsa ta zaro hoto ta wurgo mini a cinya.

Mace ce, fara, doguwa, cikin kakin soja da farin mayafi, ta rataya abin awon likita a wuya. Tana dariya, irin dariyar da mace ke yi wa wanda ya riƙe kyamara. Na juya bayan hoton, rubutu ne layi huɗu mai kama da Larabci.

"Ga mai sunanki nan," in ji Mama. "Gaishe ta."

"Mama, likita ce fa. Wataƙila ita ta cire masa harsashi, ya ji daɗi ya..."

"Haka ya ce. Haka na yi ta gaya wa kaina." Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. "Watansa biyu a asibitin sojojin Pakistan. Ya dawo, jikinsa na nan, hankalinsa ba ya nan. In zazzaɓi ya kama shi, sunan nan yake kira. Kina wata huɗu na tsinci hoton nan. Na goya ki na tafi kasuwa wurin wani malami mai sayar da littattafai, ina jin kunya kamar in nutse, na ce ya karanta mini. Ya juya ya juya, ya ce baƙaƙen kamar na Larabci ne amma yaren ba shi ba ne. Na dawo gida da abina."

"Ba ki tambayi Baba ba?"

"Na tambaya. Ya ce addu'a ce. Mai addu'a ba ta iya Turanci ba ne? Da wane yare suke magana a asibitin? Wadda ba ta da abin ɓoyewa ai da Turanci za ta rubuta."

Na kama hannunta, ta fizge.

"Kin san da me na rayu, Miriyam? Na ce wa kaina wataƙila sunan yana nufin alheri, ko jinƙai, ko salama, irin sunan da mutum zai ji ya ce bari in sa wa 'yata. Da wannan na lallaɓa zuciyata shekara ashirin da uku. Yau saurayinki ya tsaya a falona, a gaban ƙanen mijina, a gaban baƙi, ya ce mini soyayya."

"Ai ba Baba ya ƙirƙiri sunan ba, Mama. Iyayenta ne suka sa mata, kamar yadda ake sa wa kowa."

"Amma shi ya ɗauko ya kawo mini gida." Ta bugi ƙirjinta. "Ni na ɗauki ciki, ni na yi naƙuda kwana biyu, shi kuma ya ɗora miki sunanta don ya riƙa kiranta safe da yamma a tsakar gidana. Zarmina zo, Zarmina kin ci abinci, Zarmina tawa. Ni ina bakin murhu ina ji. In yi magana a ce ina kishi da 'yar cikina. Da mace ce a garin nan da na je na same ta mun yi ta ta ƙare. Yaya zan yi da wadda ke bakin duniya?"

Na fashe da kuka. Duk wani kiran da Baba ya taɓa yi mini ya dawo kunnena, kuma a karon farko na tambayi kaina ko ni yake kira. Wani abu mai ɗaci ya taso mini game da matar hoton nan. Ashe ni ma zan iya kishin uba.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Baba Kumai ne, bayansa Chibuike, wanda ya zube gwiwa biyu a kan siminti da farar shaddarsa.

"Mama, na yi wauta. Kishi ne ya ja ni, ban san akwai ciwo a wurin ba. Ki yafe mini."

Mama ba ta ko dube shi ba.

Idonsa ya sauka a kan hoton da ke hannuna, ya ga rubutun.

"Mama, in kin yarda, tsohon da ya gaya mini ma'anar yana Kachia yau. Yarensu ne. In na ɗauki hoton rubutun na tura masa, yanzu zai karanta. Wataƙila addu'ar ce da gaske."

Baba Kumai ya ce wa Mama, "Paulina, ki bar mamaci ya huta."

"Shi ya bar ni na huta?" Ta juyo ta dubi Chibuike ido cikin ido. "Tura. Amma ka ji da kyau. In addu'a ce, na ba ka ita yau, in je kabarin mijina in roƙi gafara. In ba addu'a ba ce, ka kwashe goronka, kada in sake ganin mashin ɗinka a ƙofata. Ku je waje ku saurara, ni ba zan ji a bakin baƙo ba. Miriyam ce za ta zo ta gaya mini."

*

Muka fita gindin mangwaro. Azariya ya riga ya sulale. Chibuike ya ɗauki hoton rubutun da waya, sai da ya yi sau uku kafin ya fito sosai. Ya tura.

Muka tsaya muna kallon waya.

"In ya zama abin da Mama ke tsoro fa?" na ce.

"Ba zai zama ba."

"In ya zama?"

Ya ce, "Ki yafe ni, Zarmina." Na ji sunan ya soke ni, na ce ya yi shiru.

Bayan kamar minti goma saƙon murya ya shigo. Tsohon ya fara da gaisuwa, da Turancinsa mai haɗe da guntun Hausa. Ya ce Pashto ne, rubutun mace mai ilimi. Ya ce shi dai da ba a tambaye shi ba da ya fi so, amma tunda an tambaya ba zai yi ƙarya da furfurarsa ba. Sannan ya karanta, yana fassarawa layi layi.

"Kambai, na ɗinke maka ciwonka, ka bar ni da nawa. Ka koma wurin matarka, ita ke da kai. In mace ta haifa, ka sa mata sunana, ka riƙa kirana a gidanka."

Saƙon ya ƙare. Wani mai keke ya wuce yana buga ƙararrawa.

Chibuike ya riƙo hannuna da ƙarfi. "Ba wanda ya ji sai mu biyu. Ki ce mata addu'a ce. Akwai ma wurin da ta ce ya koma wurin matarsa, ki faɗi wannan kawai. Don Allah. Kalma ɗaya ce tsakaninmu da aure."

"In sa ta je kabari ta durƙusa ta roƙi gafara?"

"To ki rasa ni ke nan? Ki koma wa Azariya?"

"Har yanzu Azariya kake gani? Kishinka ne ya kawo mu nan, Chibuike."

Ya sake ni. Idonsa ya yi ja, hawaye na bin gemunsa. Ina son mutumin nan, Allah ya sani, kuma daga gindin mangwaro zuwa ƙofar ɗakin Mama na shirya ƙaryar tsaf. Na ma zaɓi kalmomin. Ubangiji ya kiyaye ka, ya kai ka gida lafiya, ya sauki matarka lafiya. Na maimaita sau biyu a raina.

Na tura ƙofa. Tana zaune a bakin gado, ta ninke kakin Baba ta ɗora a cinya. Ta ɗago ta dube ni.

Na buɗe baki. "Mama, cewa ta yi, Ubangiji ya..."

Na tsaya a nan. Na sake gwadawa, ƙaryar ta ƙi fita.

"Ba sai kin wahalar da kanki ba," in ji ta a hankali. "Tun kina yarinya ba ki iya ƙarya ba. Faɗa mini yadda yake."

Na durƙusa na faɗa mata, layi layi, ban rage komai ba. Da na zo wurin da ta ce ita ke da kai, na maimaita, na ce, "Kin ji, Mama, ya dawo. Ke ya zaɓa."

"Ya dawo, ya kuma cika mata alkawari."

Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana shafa aljihun kakin da babban yatsa. Ni kuwa na riga na sallama, ina tunanin yadda zan fita in ce wa Chibuike ya kwashe kayansa.

"Kira mini Kumai," ta ce.

Ya shigo yana riƙe da hularsa.

"Ka karɓi goronsu. Ku sa rana, kada ta wuce Kirsimeti."

Na ɗago da sauri. "Mama, amma kin ce in ba addu'a ba ce..."

"Na san abin da na ce." Ta juya fuskarta ga bango. "Gidan su Azariya katanga ɗaya ne, in shi kika aura kullum sai na gan ki. Da ina zargi ne, ina iya daurewa. Yanzu na sani. Ki bi wanda ke son sunan, ya kai ki can bayan layin dogo ya yi ta kira, inda kunnena ba zai ji ba."

Na rarrafa na kama ƙafarta. "Ni ce fa, Mama. Miriyam ɗinki ce."

Ta zame ƙafar a hankali, ba da faɗa ba.

"Na sani. Ki ba ni lokaci. Yau dai in na dube ki, ita nake gani."

A falo na ji Baba Kumai yana sanar da baƙi, na ji Dede Nwachukwu ya ce a tashi a gode wa Ubangiji, Joanna da Milka suka rangaɗa guɗa. Ni kuwa ina durƙushe a bayan uwata, an ba ni mijin da nake so, ina jira ta waiwayo ko sau ɗaya. Har aka gama addu'ar ba ta waiwayo ba.